Sharhi a kan Kundin Bayanan Otal Biyu na Fotugal da Yadda Ake Yanke Hukunci da Shi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wani aiki guda ɗaya da ya yi tasiri ƙwarai a fagen nazarin harkar otal da yawon buɗe ido, watau kundin bayanan da malamai uku na ƙasar Fotugal, Nuno António da Ana de Almeida da Luís Nunes, suka buga a mujallar Data in Brief a shekarar 2019. Za mu dubi abin da kundin ya ƙunsa, sa'an nan mu tsaya a kan irin hukuncin da masu nazari suke yankewa da shi. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, duk wanda bai san lokacin da aka rubuta wani adadi a littafin otal ba, bai kuma san wanda ya rubuta shi da dalilin rubutawar ba, to ba shi da ikon kafa hujja da wannan adadi, komai yawansa, komai kuma ƙarfin kwamfutar da ta sarrafa shi.

Dalilin zaɓen wannan kundi a fili yake. Tun daga 2020, lokacin da aka haɗe sassansa biyu aka ɗora shi a dandalin Kaggle inda kowa ke iya saukar da shi kyauta, ya zama abin da masu koyon sarrafa bayanai suke yawan gwada hannu a kansa. Ɗalibanmu na sassan kwamfuta da na kasuwanci ba a bar su a baya ba. Mun duba ayyukan kammala karatu da aka gina a kansa, har da waɗanda babinsu na ƙarshe yake ba masu otal na Kano da Kaduna shawara. Saboda haka maganar ta shafe mu, mu da ke sa hannu a kan waɗannan ayyuka.

2.0 Matsalar da Aka Nufi Warwarewa

Ɗakin otal haja ce da ba ta ajiyuwa. Ɗakin da ya kwana ba kowa daren jiya, kuɗinsa sun tafi ke nan, ba a sayar da daren jiya a yau. Wannan ne ya sa manyan otal-otal suka ari dabarar da kamfanonin jiragen sama na Amurka suka bunƙasa bayan an sakar musu mara a kan farashi a 1978, watau a riƙa hasashen yawan masu zuwa, a ɗaga farashi ko a sauke shi bisa ga hasashen, har ma a karɓi masu kama ɗaki fiye da yawan ɗakunan, da tsammanin wasu za su fasa. Amma dabarar tana da kaifi biyu. In an karɓi mutane da yawa kuma duka suka zo, dole a sallami wani baƙo ya nemi masauki a wani wuri, otal ya yi asarar kuɗi da mutunci. In kuwa an yi tsoro an rage, masu fasawa suka fasa, ɗakuna su kwana wayam. Tushen al'amarin duka shi ne a san wa zai fasa tun bai fasa ba.

A kan wannan tambaya ce malaman nan uku suka daɗe suna aiki. A wata maƙala tasu ta 2017 sun yi amfani da bayanan otal huɗu na yankin Algarve, suka nuna cewa ana iya koyar da kwamfuta ta hango masu fasawa, ta kuma dace a fiye da kashi 90 cikin 100. Kundin 2019 wani yanki ne na irin waɗannan bayanai da suka sakar wa duniya don kowa ya gwada.

3.0 Abin da Kundin Ya Ƙunsa

Otal biyu ne, ba a faɗi sunayensu ba. Ɗaya na shaƙatawa ne a Algarve, kudancin ƙasar, mai layi 40,060. Ɗayan na cikin birnin Lisbon ne, mai layi 79,330. Jimla 119,390 ke nan, kowane layi kuwa yana wakiltar kama ɗaki sau ɗaya, na baƙin da aka sa ran isowarsu tsakanin 1 ga Yuli 2015 da 31 ga Agusta 2017. Kowane layi yana da gurabe 31, kamar yawan kwanakin da ke tsakanin kama ɗaki da ranar isowa, da yawan dararen da za a yi, da ƙasar baƙo, da hanyar da aka bi aka kama ɗakin, da farashi, da kuma ko an fasa ko ba a fasa ba. Waɗanda aka fasa 44,224 ne, watau kashi 37 cikin 100. A otal ɗin birni abin ya kusa kashi 42, a na shaƙatawa kuwa kusan kashi 28.

Wajibi ne a yaba wa marubutan kafin a soki komai. Otal-otal suna ɓoye littattafansu kamar yadda ɗan kasuwa yake ɓoye ribarsa, don haka samun izinin fitar da waɗannan bayanai ba ƙaramin aiki ba ne. Sun cire duk abin da zai bayyana baƙo ko otal. Sun bayyana yadda aka samo kowane gurbi. Sun kuma yi ƙoƙarin ɗaukar bayanan kowane layi kamar yadda suke kwana ɗaya kafin ranar isowa, don kada abin da ya faru daga baya ya shiga lissafi. Har gargaɗi sun yi a cikin maƙalar. Matsalar ita ce maƙalar gajeriya ce amma masu karanta ta kaɗan ne, kundin kuwa babba ne amma masu saukar da shi ba su ƙirguwa.

4.0 Satar Amsa

Babban aibin da ke cikin yawancin ayyukan da aka yi da wannan kundi, mu malamai mun san shi da wani suna a ɗakin jarrabawa. Idan ɗalibi ya ga amsa kafin a raba takarda, makinsa ba ya nuna iliminsa. Haka nan idan aka ba kwamfuta wani bayani wanda ba a samun sa sai bayan baƙo ya iso ko ya fasa, sa'an nan aka ce ta hango ko zai fasa, to ba hange ta yi ba, karantawa ta yi.

Mafi bayyana shi ne gurbin da ke nuna matsayin ƙarshe na kowane layi, watau an soke, ko baƙo ya zauna ya tafi, ko bai zo ba. Wannan amsar ce da kanta aka sake rubutawa da wasu kalmomi. Wanda ya bar shi a ciki zai sami dacewa ta kashi 100 cikin 100, kuma mun ga aikin da aka kawo wannan sakamako ana alfahari da shi. Wannan kuskure mai saukin ganewa ne, ba za mu daɗe a kansa ba.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne gurbin ƙasar baƙo. Layukan da aka rubuta Fotugal a matsayin ƙasarsu 48,590 ne, fiye da rabinsu kuwa an soke su, alhali sauran manyan ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Jamus ba su kai ko kusa da haka ba. Sai mai nazari ya zana hoto mai kyau, ya rubuta cewa mutanen Fotugal sun fi kowa saɓa alkawari, ya kawo dalilai daga kansa, wai don suna kusa da gida ne, ba su sayi tikitin jirgi ba. Dalilin yana da daɗin ji. Amma marubutan kundin sun faɗa da bakinsu cewa sau da yawa otal ba ya sanin ainihin ƙasar baƙo sai ranar da ya tsaya gaban kanta ya miƙa takardunsa. Mu yi tunani a kan abin da wannan yake nufi. Wanda ya iso, an ga fasfonsa, an gyara gurbin. Wanda ya fasa, ba wanda ya ga fasfonsa, gurbin ya zauna da abin da aka fara sakawa, abin da ya fi sauƙin sakawa a otal ɗin da ke Fotugal kuwa shi ne Fotugal. Ashe ke nan wani kaso na wannan adadi ba halin wata al'umma yake nunawa ba, al'adar akawun kanta yake nunawa. An ɗora wa ƙasa guda laifi saboda gurbin da ba a koma an cike ba.

Ga wani misalin mai kama da shi. Layi 7,416 ne aka rubuta cewa baƙo yana bukatar wurin ajiye mota, kuma a cikinsu duka babu ko ɗaya da aka soke. Hankali ba zai ɗauka cewa a cikin mutum dubu bakwai masu mota ba a sami ko ɗaya da rashin lafiya ko rasuwa ko canjin shawara ya hana shi tafiya ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ana cike wannan gurbi ne sa'ad da motar ta riga ta shigo harabar otal. Duk da haka za a ga an jera shi cikin manyan dalilan da ke hana fasawa, har a ba da shawara wai otal ya faɗaɗa wurin ajiye motoci don ya rage masu fasawa. Mai otal da ya bi wannan shawara zai zuba kuɗinsa a kankare a banza.

5.0 Kafin Alƙalami da Layuka Masu Kama da Juna

A nan ne sukarmu za ta taɓa marubutan su kansu. Akwai gurbin da ke nuna irin kafin alƙalamin da aka bayar, an kasa shi uku: babu, ko wanda ake mayarwa, ko wanda ba a mayarwa. Kowa zai zaci wanda ya biya kuɗin da ba za a mayar masa ba shi ne zai fi kowa cika alkawari. Kundin ya nuna akasin haka ƙwarai. Layi 14,587 ne ke ɗauke da wannan suna, an soke 14,494 daga ciki. Guda 93 kaɗai suka tsira.

A wata maƙala da suka buga a mujallar Cornell Hospitality Quarterly a 2019, wadda ta shafi otal takwas, marubutan sun kawo wani bayani a kan irin wannan al'amari. Sun ce akan sami masu neman bizar shiga Fotugal daga wasu ƙasashen Asiya suna kama ɗaki ta shafukan dillalai na intanet da lambar katin banki ta bogi, don kawai su sami takardar da za su nuna a ofishin jakadanci, daga baya otal ya kasa cirar kuɗin ya soke. Bayanin yana da ma'ana, kuma duk wanda ya taɓa neman bizar Turai ya san ana tambayar shaidar masauki. Masu nazari da yawa sun ɗauke shi sun liƙa wa wannan kundi, suka wuce.

Sai dai alƙaluman kundin ba su goyi bayan liƙawar ba. Daga cikin layi 14,587 ɗin nan, 56 ne kawai suka zo ta dillalan intanet. Guda 9,172 na ƙungiyoyi ne masu kama ɗakuna da yawa a lokaci ɗaya, 5,006 kuma na kamfanonin shirya tafiye-tafiye ne da ke hulɗa da otal kai tsaye. Labarin mai neman biza shi kaɗai da katinsa na bogi bai dace da wannan siffa ba. Bugu da ƙari, in aka koma ga bayanin gurbin a maƙalar asali, za a ga sunan nan ba daga yarjejeniyar otal da baƙo aka kwafo shi ba. Marubutan ne suka lissafo shi: in kuɗin da aka gani a littafin shiga sun kai kuɗin zaman gaba ɗaya, sai su kira shi wanda ba a mayarwa. Watau suna ne da mai nazari ya raɗa, ba sharaɗi ba ne da baƙo ya amince da shi. A ganinmu ya kamata a ce sun tsaya sun warware wannan a maƙalar da ta raka kundin, domin gurbin yana cikin waɗanda kwamfuta ta fi dogara da su, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan waɗanda aka soke suna ƙarƙashinsa. Barin sa haka ya sa kowa yana fassara shi yadda ya ga dama.

Wannan ya kai mu ga batun layuka masu kama da juna. Saboda an cire lambar da ke bambanta kowane layi don kare sirri, akwai layi 31,994 da suke maimaita wasu harafi da harafi. Abin da littattafan koyarwa suke cewa shi ne a share maimaici, ɗalibi kuwa da umarni guda yake share su. To amma in ƙungiya ta kama ɗaki arba'in a rana ɗaya, a farashi ɗaya, don kwanaki ɗaya, ai layi arba'in ne na gaskiya, ba kuskuren mai bugawa ba. Da zarar an share su, kundin yana komawa layi 87,396, yawan fasawa ya faɗo daga kashi 37 zuwa kashi 27 da ɗoriya, layukan kafin alƙalamin nan kuma su ragu daga 14,587 zuwa 1,038. Umarni guda ya sauya kamannin otal biyun gaba ɗaya, kuma da wuya a ga wanda ya faɗi dalilin da ya sa ya share.

Wanda bai share ba shi ma bai tsira ba. Al'ada ita ce a cakuɗa layukan, a ware kashi 70 ko 80 don koyar da kwamfuta, a ajiye sauran don jarraba ta. In an yi haka, daga ɗakuna arba'in na ƙungiyar nan talatin za su faɗa ɓangaren koyarwa, goma su faɗa ɓangaren jarrabawa. Kwamfuta ta riga ta ga tagwayensu, ta san makomarsu. Hanyar da ta dace da aikin otal ita ce a raba bisa lokaci, a koyar da watannin farko, a jarraba da na ƙarshe, domin manajan otal gobe yake son sani, ba jiya ba. Marubutan sun fahimci haka. Da suka kafa tsarin nasu a otal biyu ya yi aiki kullum a kan baƙi na gaske, kamar yadda suka ruwaito a 2019, dacewarsa ta tsaya tsakanin kashi 80 da 90, ba ta kai abin da ake yawan gani a ayyukan masu koyi da su ba. Mu kuma tuna cewa wanda ya rufe ido ya ce babu wanda zai fasa, zai dace a kashi 63 cikin 100 ba tare da kwamfuta ba. Daga nan ya kamata a fara awo, ba daga sifiri ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da za mu ambata a gurguje. Kundin ya ƙunshi wata 26, saboda haka Yuli da Agusta sun zo sau uku, sauran watanni sau biyu. Wanda ya tara layuka bisa wata ya ce Agusta ya fi cunkoso da kaza, ya ƙara gishiri ba da saninsa ba. Akwai kuma layi guda da farashin darensa ya kai 5,400 alhali matsakaicin farashi bai wuce 102 ba. Sa'an nan duk bayanan na kafin annobar korona ta 2020 ne.

6.0 Daga Lisbon zuwa Kano

Ko da an gyara duk abin da muka lissafa, saura tambaya guda: otal biyu a ƙasa ɗaya, me suke iya faɗa a kan wani wuri? Su biyun ma ba su yi daidai da juna ba, tazarar kashi 14 ce tsakaninsu wajen fasawa. In Lisbon ba ta wakilci Algarve ba, ina dalilin da zai sa ta wakilci Sakkwato?

Kusan rabin layukan kundin ta dillalan intanet suka shigo, kuma akwai wanda ya kama ɗaki fiye da shekara biyu kafin zuwansa. Baƙon matsakaicin otal a garuruwanmu kuwa sau da yawa da jakarsa yake shigowa ya tambayi ɗaki, ko wani ɗan'uwansa ya buga waya a ajiye masa, ko ma'aikata ta kama ɗakuna don taron bita ta biya daga baya. Wanda aka ajiye wa ɗaki ta waya bai zo ba, da wuya a rubuta shi a ko'ina, don haka abin da ake son hangowa ma ba ya cikin littafi. Har ila yau lokacin cunkoso a Fotugal yana bin zafin bazarar Turai, yana dawowa a watanni ɗaya kowace shekara. Hawan Sallah na Kano da Katsina da Zazzau kuwa kalandar Musulunci yake bi, yana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara, saboda haka gurbin wata na Turawa ba zai kama shi ba. Akwai kuma ɗimbin baƙi da ba su taka ƙofar otal sam, suna sauka gidajen dangi, ko wajen maigida kamar yadda fatake suka saba, tsarin da Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan.

Ba muna cewa a hana ɗalibai taɓa kundin ba ne. Don koyon hannu yana da amfani ƙwarai, kuma aibobin nan nasa su ne darasin da ya fi kowane daraja in malami ya sa ɗalibi ya gano su da kansa. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki sakamakonsa a yi wa mai otal na Zariya wa'azi da shi. Malamin da ke duba irin wannan aiki yana da haƙƙin ya tambayi ɗalibi, gurbi bayan gurbi, yaushe aka rubuta wannan, kafin baƙo ya iso ko bayan ya iso? Ya kuma tambaye shi layi nawa ya share, da wace hujja, da yadda ya raba na koyarwa da na jarrabawa.

Ɗalibin da ke son yin magana a kan otal na gida kuwa, hanyarsa ita ce ya nemi izinin otal guda, ya zauna da littafin rajistar baƙi na shekara ɗaya ko biyu, ya kwafe shi ba tare da sunaye da lambobin waya ba, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta a kiyaye sirrin mutane. Ya ƙara gurbin kwanan watan Musulunci kusa da na Turawa. Ya roƙi akawun kanta ya riƙa rubuta waɗanda suka buga waya ba su zo ba, ko da na wata uku ne. Ya kuma zauna a bayan kantar na 'yan kwanaki ya ga da idonsa wane gurbi ake cikewa da safe, wane ne ake bari sai baƙo ya tafi, wane ne kuma ba a cikewa sai in manaja yana kusa. Layi dubu biyu da aka samu ta wannan hanya sun isa aikin kammala karatu, kuma sashen da ya tara irinsu daga ɗalibai goma a garuruwa daban-daban zai iya fara kwatanta Kano da Gusau.